Wayata Tana Raba Intanet, Amma Kwamfutata Ba Ta Ganin Ta

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, kuma ina tsakiyar rubuta kundin bincikena. Kwamfutata laftof ce ta hannu mai ɗauke da Windows 10, wadda yayana ya saya mini shekara uku da suka wuce, kuma tun da na same ta da hosfot ɗin tsohuwar wayata nake haɗa ta da intanet ba tare da wata matsala ba. A watan jiya na sayi sabuwar waya ta Android. Tun daga ranar, idan na kunna hosfot, sunan wayar ba ya fitowa a kwamfutar sam. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kwamfutar tana nuna Wi-Fi na maƙwabtanmu har guda uku, sannan wayar ƙanwata tana ganin hosfot ɗina ta hau nan take. Na kai wa wani mai gyara, ya ce katin Wi-Fi na kwamfutar ne ya fara mutuwa, sai an canza shi. Wata ƙawata kuma ta ce layina ne ba ya yarda a raba data. Wanne zan kama?
Wata ɗaliba, Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Kada ki kama ko ɗaya daga cikin biyun, kuma kada ki bari a kwance kwamfutar nan tukuna, domin bayanin da kika bayar da bakinki ya riga ya wanke katin da ake zargi, wato 'yar na'urar da ke cikin kwamfuta mai kamo Wi-Fi. Katin Wi-Fi da ya mutu ba ya zaɓen wanda zai gani da wanda zai ƙi gani. In ya mutu, jerin sunayen gaba ɗaya ne zai ɓace, har da na maƙwabtan naku guda uku. Haka nan, tunda wayar ƙanwarki ta ga hosfot ɗin kuma ta hau, to sabuwar wayar tana aikinta yadda ya kamata. Maganar layi kuwa ba ta ma taso ba, saboda sunan hosfot daga jikin wayar yake fitowa, kuma zai fito ko da datarki ta ƙare ƙaf. Kamfanin layi, MTN ne ko Airtel ko Glo, hannunsa yana shiga ne bayan kwamfuta ta riga ta haɗu da waya, a lokacin da ake neman buɗe shafi.

Abin da ya rage ke nan shi ne na'urori biyu masu lafiya waɗanda ba sa jin juna, kuma a mafi yawan lokuta dalilin hakan guda ɗaya ne. Duk wanda ya tashi a gidan da ake sauraron rediyo ya san cewa akwatin da ba shi da gajeren zango ba zai taɓa kamo tashar da ke watsa shirye-shiryenta a mita 49 ba, irin yadda iyayenmu suke kamo Rediyon Najeriya Kaduna daga garuruwa masu nisa, komai lafiyar akwatin, komai sabuntar batirinsa. To, Wi-Fi ma rediyo ne, kuma yana da manyan zanguna biyu da aka fi amfani da su, wato 2.4 GHz da 5 GHz. Zangon 2.4 shi ne tsohon hannu: yana zuwa nesa, yana ratsa bango, amma cunkoso ya yi masa yawa, tunda hatta Bluetooth a cikinsa yake aiki. Zangon 5 ya fi sauri kuma ya fi sarari, sai dai ba ya nisa. Sababbin wayoyi da yawa suna iya raba intanet a kan zangon 5, yayin da tsofaffin kwamfutoci masu yawa, musamman na hannu da suka cika kasuwanninmu, katinsu zangon 2.4 kaɗai ya sani. Tsohuwar wayarki tana magana ne a zangon da kwamfutar take ji, sabuwar kuwa, bisa ga dukkan alamu, ta koma wanda ba ta ji.

A nan ina so in raba wata gardama da nake yawan ji a shagunan waya. Wannan 5 GHz ɗin ba shi ne 5G ba, ko da yake rubutunsu ya yi kama. 5G tsarin sadarwa ne tsakanin waya da turakun kamfanin layi, wanda MTN ya fara a Najeriya a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023. Shi kuwa 5 GHz zango ne tsakanin waya da kwamfutar da ke gefenta a ɗaki ɗaya. Saboda haka mayar da layi daga 5G zuwa 4G, kamar yadda wasu suke ba da shawara, ba ya taɓa wannan matsala ko kaɗan.

Gyaran bai kai minti biyu ba. Ki shiga wurin saitin wayar, ki nemi inda ake kunna hosfot, amma maimakon ki danna makunnin kawai, ki taɓa sunan domin ki shiga cikinsa. A wayoyin Samsung hanyar tana bi ta “Connections”, sannan “Mobile Hotspot and Tethering”, kuma a ciki za ki ga wurin da aka rubuta “Band”. A Tecno da Infinix da sauran wayoyin Android sunan yakan ɗan bambanta, sau da yawa “AP band” ake rubutawa, amma abin nema ɗaya ne, wato inda aka ba ki zaɓi tsakanin 2.4 da 5. Ki zaɓi 2.4, ki ajiye, ki kashe hosfot ɗin ki sake kunnawa, sannan ki kashe Wi-Fi na kwamfutar ki sake kunna shi domin ta sake lalube. Masu iPhone 12 zuwa sama ba za su ga lambobin nan ba. Su makunni aka ba su mai suna “Maximize Compatibility” a cikin “Personal Hotspot”, kuma kunna shi ne yake mayar da wayar zangon 2.4. Ya kamata su ma su bar wannan shafin a buɗe har kwamfutar ta hau, domin iPhone takan daina sanar da kanta idan an fita daga shafin alhali babu wanda ya haɗu da ita.

Kada ki damu cewa za ki yi asarar sauri. A aikin bincike, da sauke takardu, da halartar darasi ta bidiyo, abin da yake riƙe ki shi ne ƙarfin sabis na unguwarku, ba zangon da ke tsakanin na'urori biyu da ke kan tabarma ɗaya ba.

Idan kina so ki tabbatar da kanki, ba don na faɗa ba, kwamfutar za ta gaya miki abin da katinta yake iyawa. Ki danna madannin Windows, ki rubuta cmd, ki buɗe baƙin allon da zai fito, sannan ki rubuta netsh wlan show drivers ki danna Enter. A cikin bayanan da za su zubo akwai layin da ya fara da “Radio types supported”. Idan abin da ke gabansa 802.11b da 802.11g da 802.11n ne kawai, to kusan tabbas katinki na zangon 2.4 ne kaɗai. Idan kuwa kin ga 802.11a ko 802.11ac a ciki, katin yana jin zangon 5, kuma ba a nan gizo ke saƙa ba, sai mu duba gaba.

Abu na gaba da nake dubawa shi ne direban katin, wato ƙaramar manhajar da take fassara tsakanin Windows da katin. Kwamfutocin hannu sukan zo mana da Windows da aka ɗora a gurguje, da direban da ya shekara da shekaru ba a sabunta shi ba. Kamfanin Intel da kansa ya bayyana cewa wasu tsofaffin katunansa, irin su Wireless-AC 7260 da 3160, ba sa nuna hanyoyin Wi-Fi 6, wato wani sabon tsarin Wi-Fi, a jerinsu idan direbansu tsoho ne, sai an sabunta shi. Wasu sababbin wayoyi kuwa da Wi-Fi 6 suke raba intanet, kuma sukan ba da makunnin kashe shi a wuri ɗaya da na zango. In wayarki tana da shi, ki kashe ki gwada. Sunan katinki yana cikin “Device Manager”, ƙarƙashin “Network adapters”, kuma da wannan suna za ki nemi sabon direba a shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ko katin. Ki guji manhajojin da suke alƙawarin sabunta dukkan direbobi a danna ɗaya, domin tarkacen da suke shigowa da shi yakan fi abin da suke gyarawa.

A wurin saitin hosfot ɗin dai za ki ga nau'in tsaro. Idan yana kan WPA3, wanda aka fito da shi a 2018, ki mayar da shi WPA2, saboda tsofaffin katuna ba su san shi ba, ko da yake shi galibi hana hawa yake yi bayan an ga sunan. Amma kada gajiya ta sa ki cire kalmar sirri gaba ɗaya, in ba haka ba rabin maƙwabtanku da datarki za su kwana. Akwai kuma wani dalili da ba a cika gamuwa da shi ba: zangon 2.4 an raba shi tashoshi, kuma Amurka daga 1 zuwa 11 take amfani da su, don haka kwamfutar da aka saita don kasuwar can tana iya kasa ganin wayar da ta zauna a tasha ta 12 ko ta 13. Idan wayarki ta ba da damar zaɓen tasha, ki sa 1 ko 6 ko 11.

Tunda kundin bincike ba ya jira, ga hanyar da za ki yi aiki a daren yau ko da duk waɗannan ba su ci ba. Ki jona wayar da kwamfutar da igiyar USB, ki koma wurin hosfot, ki kunna “USB tethering”. Wannan hanya ba ta bi ta katin Wi-Fi kwata-kwata, ba ta yawan yankewa, kuma wayar tana samun caji maimakon ta yi ta zafi tana shanye batir, abin da ba ƙarami ba ne a daren da babu wuta. Idan makunnin ya ƙi dannuwa, igiyar ce ta caji kawai, sai ki nemi wadda ta zo da wayar. Da wannan haɗin ne ma za ki sauke sabon direban. In kuma daga baya kin ga lallai kina son zangon 5, akwai ɗan ƙaramin katin Wi-Fi da ake sokawa a ramin USB, mai jin zango biyu, wanda ake samu a shagunan kayan kwamfuta na kan titin Ahmadu Bello, ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba.

Ga sauran masu karatu, ku lura cewa duk wannan amsa ta ginu ne a kan cewa kwamfutar Malama tana ganin Wi-Fi na wasu. Wanda tasa ba ta ganin kowa, bincikensa daga kwamfutar zai fara: ya duba ko alamar jirgin sama tana kunne, ya duba madannin Wi-Fi da ke jerin madannan sama, da ɗan makunnin da wasu tsofaffin laftof suke da shi a gefe. Na taɓa tarar da wani bawan Allah a wani shagon buga takardu a Kawo, an goge masa kwamfuta an sake ɗora Windows har sau biyu, hotunan iyalinsa sun tafi, ga shi Wi-Fi bai dawo ba. Da na leƙa sai na ga ɗan haske ruwan goro yana ci a kan madannin F12. Yaronsa ne ya danna shi wajen wasa. Aka sake dannawa, hasken ya koma fari, sunaye suka cika allo.

TAMBAYA: Malam, tawa kwamfutar tana hawa hosfot lafiya, amma datar da nake wata guda da ita a waya ba ta kwana biyu idan na haɗa, ko da ban buɗe komai ba. Ko wani ne yake sata?
Wani ma'aikaci, Barnawa.

AMSA: Da wuya a ce sata ce, Malam, amma tabbatarwa ba ta da wahala, domin shafin hosfot na wayarka yana nuna na'urorin da suke kai a kowane lokaci, in ka ga baƙo, ka canza kalmar sirri. Wanda na fi zargi shi ne Windows, saboda duk Wi-Fi da ta samu takan ɗauke shi tamkar na ofis marar iyaka, sai ta shiga sauke sababbin gyare-gyarenta, manhajoji irin su OneDrive kuma su shiga kwashe fayiloli zuwa intanet, duk a bayan fage. Bayan ka haɗa, ka shiga bayanan wannan Wi-Fi ɗin a kwamfutar ka kunna “Metered connection”, wanda yake sanar da ita cewa datar nan a ƙidaye take, sai ta dakatar da yawancin waɗannan ayyuka. Saitin yana bin sunan hosfot ne, don haka in ka canza waya ko ka canza sunan, sai ka sake kunna shi. Sai dai kada ka bar kwamfutar babu sabuntawa har abada. Ka ware ranar da ka samu Wi-Fi mai yalwa, ko ka sayi datar dare mai rahusa, ka bar ta ta sauke abin da take buƙata.