Jitata tana ja na da wuta, abokai sun ce hunturu ne

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Shekarata biyu ina kaɗa jitar lantarki don sha'awa kawai, ni da abokaina uku muke haɗuwa duk Asabar a ɗakin ɗayanmu a Zariya. Amfilifayata ta gwanjo ce, kuma tun da na saye ta take gurnani. Na kai wa wani mai gyaran rediyo, sai ya karya doguwar ƙafar filogin, ta ukun nan, ya ce ita ke kawo ƙarar. Gaskiya ƙarar ta ɗan ragu. To amma tun daga lokacin, in hannuna yana kan tsirkiya kuma leɓena ya taɓa makirfo, sai in ji kamar ana tsira min allura. Makon jiya abin ya yi ƙarfi har na yar da jitar. Abokaina sun ce hunturu ne, in sa silifas na roba, in rufe kan makirfon da soso. Ni dai tsoro ya kama ni, har na daina zuwa. Anya ba kuwa wani abu ne babba ba?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Tsoron da ya kama ka yana kan hanya, kuma ka kyauta da ka daina zuwa. Kada ka sake jona wannan amfilifayar sai an sa mata sabon filogi mai ƙafa uku, an kuma auna ta. Abokanka ma kada wani ya taɓa ta.

Bari in fara sallamar maganar hunturu, don da ɗan gaskiya a cikinta. Idan iska ta bushe, jiki yana tara caji daga gugar tufafi da kafet, sai ka taɓa ƙarfe ka ji ɗas sau ɗaya. Ka sake taɓawa nan take, ba za ka ji komai ba, domin cajin ya riga ya fita. Abin da ka kwatanta daban ne. Yana nan muddin leɓenka yana kan makirfon, yana kuma dawowa duk lokacin da ka sake taɓawa. Wannan wutar soket ce take bi ta jikinka, kuma da damina ma haka za ka ji, watakila fiye da haka.

Ka san tsirkiyoyin jitarka ba a ware suke ba. Akwai siririyar waya da ta tashi daga birij, wato ƙarfen da tsirkiyoyin suke kafe a kai a jikin jita, ta shiga bayan maɓallin ƙara sauti, daga nan ta bi kebul zuwa jikin amfilifaya, daga jikin amfilifaya kuma ta bi koriyar wayar nan mai ratsin rawaya zuwa ƙafa ta uku ta filogi, wadda masu wayarin suke kira at. Kenan duk lokacin da ka kama tsirkiya, jikin amfilifayar ka kama. Muddin wannan ƙafa tana nan, kuma soket ɗin yana da at na gaske, idan wayar wuta ta goge ta taɓa jikin na'urar sai wutar ta kwarara ƙasa, fiyus ya ƙone, shi ke nan. Da mutumin nan ya karya ƙafar, wannan hanyar ya toshe. Yanzu wutar ba ta da mafita sai ta jikin wanda ya riƙe jita da hannu ɗaya ya kuma taɓa wani ƙarfe da ke haɗe da ƙasa. A ɗakinku wannan ƙarfen shi ne makirfo.

Wannan karya ƙafar filogi ita ce ɗabi'ar da ta fi ci min rai a sana'ar nan. Da wuya mako ya wuce ba a kawo min amfilifaya ko mikisa, wato na'urar haɗa sauti da ake jona makirfo a jikinta, da aka yi wa haka ba. Wani ya karya ƙafar da filaya, wani ya buɗe filogin ya yanke koriyar wayar ya mayar ya rufe, ka gan shi daga waje lafiya lau. Wani kuma ya sa adafta mai ƙafa biyu, ya tura murfin biro a ramin soket na sama don ya buɗe. In na tambaya, amsar ɗaya ce: ai ƙarar ta ragu. To, tana raguwa a wasu lokutan, shi ya sa ƙaryar ta ƙi mutuwa. Idan na'urori biyu kowacce tana da nata at, aka kuma haɗa su da kebul na sauti, wata ƙaramar wuta tana zagayawa tsakaninsu ta haifar da gurnani, kuma yanke at ɗin ɗaya yana tsayar da zagayen. Amma mai gyaran da ya san aikinsa a kan layin sauti yake raba su, da ɗan akwatin nan da ake kira DI, mai maɓallin ɗage at na sauti kaɗai, ko da ƙaramar taransifoma ta raba sauti. Sau da yawa ma jona amfilifaya da mikisa a ekstenshan ɗaya ya isa. Wanda ya kai hannu ga at na wuta don ya kashe ƙara bai san abin da yake yi ba, ko da shekara talatin ya yi a bakin kasuwa yana gyaran rediyo. Ni ban yarda a kira shi mai gyara ba, domin ran wani ya sa a caca a kan kuɗin da bai kai na filogi ɗaya ba.

Ka duba lissafin da kanka. Wutar gidajenmu bolt 230 ce. Mutum yana fara jin tsikari daga kamar miliamfiya 1, wato ɗaya cikin dubu na amfiya, ma'aunin yawan wutar da ke gudana. Ta wuce 10 zuwa 15, jijiyoyin hannu suna damƙewa, mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe, kuma mai jita dama hannunsa a naɗe yake a wuyan jita. Daga 50 zuwa 100, in ta ratsa ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya. Busasshiyar fata tana ɗan tare wuta, amma hannu mai gumi da leɓe mai yawu kusan babu abin da suke tarewa, turjiyar jiki ga wuta, wadda ake aunawa da om, tana iya sauka zuwa om 1000. Ka raba bolt 230 da om 1000, amfiya 0.23 kenan, wato miliamfiya 230. Fiyus ɗin da ke cikin filoginka kuwa, in ma na amfiya 3 ne, sai wuta ta haura miliamfiya 3000 yake ƙonewa. Ba zai ma san kana mutuwa ba.

Tsikarin da kake ji tun farko mai yiwuwa ɗan yoyo ne daga kafasitocin da ke tace wuta a cikin na'urar. In babu at, suna iya ɗaga jikin amfilifaya zuwa wajen rabin ƙarfin wutar soket, amma abin da ke gudana kaɗan ne, shi ya sa yake tsikari kawai. A nan ne masu jita suke ruɗuwa, su ce ai shekara nawa tana ja na ban mutu ba. Sabo turken wawa. Wannan tsikarin yana sanar da kai cewa kariyar ba ta nan. Ranar da kafasita ɗaya ya fashe, ko zafi ya narkar da robar wata waya a ciki, 230 cur za ta hau tsirkiyoyi shida. Kai da ka ce na makon jiya ya fi ƙarfi har ka yar da jita, ina tsoron wani abu ya riga ya fara lalacewa a ciki.

Abin ya sha faruwa, har ga waɗanda suke da ma'aikata da kayan aiki masu tsada. A watan Mayu na 1972, Leslie Harvey, mai jitar ƙungiyar Stone the Crows, ya taɓa makirfo a kan dandamali a garin Swansea na Birtaniya, wuta ta kashe shi a gaban jama'a yana da shekara 27. A 1976 kuma Keith Relf, tsohon mawaƙin ƙungiyar Yardbirds, ya mutu a gidansa yana kaɗa jitar lantarki da ba ta da at mai kyau, yana da shekara 33. Shi ba a wajen biki ba ne, a gida yake kamar yadda kuke yi ranar Asabar.

Silifas ɗin da aka ce ka sa ba za su taimake ka ba. Wutar daga hannunka take shiga ta fita ta leɓenka, ko daga hannun hagu zuwa na dama in ka kama sandar makirfo, ƙafarka ba ta cikin hanyar ko kaɗan. Ƙirjinka ne a tsakiya. Soson kan makirfo kuma ya fi ɓata min rai, domin gargaɗin kawai yake ɓoyewa. Ka daina jin tsikari, hankalinka ya kwanta, sai ranar da soson ya jiƙe da yawu ko ka miƙa hannu ka gyara tsayin makirfon.

Ga abin da za ka yi. Ka kai amfilifayar wajen wanda yake da mitar gwajin wuta ta hannu kuma ya iya aiki da ita, ya sa sabon filogi mai ƙafa uku da fiyus na gaskiya, ba wayar da aka murɗa a gurbinsa ba. Kafin a jona ta, ya auna tsakanin ƙafar at da jikin na'urar, sannan da tsirkiyar jita bayan an sa kebul. Daga ƙafar zuwa jikin na'ura dole mitar ta nuna kusan sifili. Ya kuma buɗe ya duba abin da ya jawo jan makon jiya. Kai kada ka buɗe da kanka, musamman in irin mai ƙananan kwalaben gilashi a ciki ce, domin kafasitocinta suna riƙe bolt 400 zuwa sama ko bayan an zare ta daga wuta. In kuma irin wadda aka kawo daga Amurka ce mai bolt 120, a duba taransifomar da kake rage mata wuta da ita, da yawansu at ba ya ratsawa ta cikinsu.

Sabon filogi ba zai yi komai ba in soket ɗin ɗakin ba shi da at, kuma gidaje da dama ramin na uku ado ne kawai. Ekstenshan na araha ma haka, na yanka da yawa na tarar waya biyu ce a ciki. Ku sami mai wayarin ya duba, in babu ya kafa sandar tagulla a ƙasa ya jawo waya. In da janareta kuke aiki, shi ma a ɗaure jikinsa da sandar. Abin da na fi so ku haɗa kuɗi ku huɗun ku saya shi ne bireka mai jin yoyon wuta ta miliamfiya 30, wadda ake kira RCD ko ELCB, tana yanke wuta cikin ƙiftawar ido in ta fara bi ta jikin mutum. Bayan an gama, a kunna komai, a sa mita a kan bolt na AC, tsinke ɗaya a tsirkiya ɗaya a ragar makirfo. In ta nuna fiye da bolt ɗaya ko biyu, akwai sauran aiki, kuma laifin yana iya zama a ɓangaren mikisa ne. Kada ka gwada da leɓe ko da yatsa. Na'urorin da aka ƙera da ƙafa biyu tun daga kamfani, masu alamar ƙaramin murabba'i cikin babba, su ba su buƙatar at, ba da su nake ba.

Shi gurnanin da ya kai ka wajen mutumin nan tun farko, galibi abu ne mai sauƙi. Fikof, wato abin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana ɗaukar sautinsu, in mai naɗin waya ɗaya ne irin na jitar Stratocaster, ɗabi'arsa ce ya kwaso ƙugin wutar gida, shi ya sa ma Seth Lover ya ƙera mai naɗi biyu a kamfanin Gibson a shekarun 1950. In jitarka mai fikof uku ce, gwada matsayi na 2 da na 4 a kan maɓallin zaɓen fikof, a yawancin na yanzu ƙarar tana faɗuwa. Ka nisanci stabilaiza, inbata da cajar waya, ka juya jikinka a hankali har ka sami inda ta fi yin shiru, ka kuma canza kebul. In ƙara tana raguwa da ka taɓa tsirkiya, daidai ne. In ƙaruwa take yi, a duba wayoyin ramin da ake cusa kebul a jikin jita, wataƙila an juya su.

Abu na ƙarshe ka gaya wa abokanka tun kafin ku sake haɗuwa. Allah ya kiyaye, in wuta ta kama ɗayanku, kada kowa ya taɓa shi da hannu. A zare filogi ko a kashe janareta, in ba hali a ture jitar da busasshen katako. In ba ya numfashi a fara danna ƙirjinsa nan take, wani kuma ya nemo mota. Madarar da ake ɗura wa mutum wai wuta ta shanye masa jini ba ta maganin komai, wanda bai farfaɗo sosai ba ma tana iya shaƙe shi. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, in wutar ta jefar da shi ko ta ratsa ƙirjinsa, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa. Kai ma, in tun makon jiya kana jin faɗuwar gaba, jiri ko ciwon ƙirji, ka je a duba ka kafin ka kai amfilifayar gyara.