An dawo mini da littafina na farko: ni ce ban iya ba?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Shekara uku na yi ina rubuta ƙagaggen labarina na farko, yawanci da dare bayan kowa ya kwanta. Da na gama na tura wa kamfanonin buga littattafai huɗu. Biyu sun amsa da layi bibbiyu cewa bai dace da irin abin da suke bugawa ba, biyun kuwa shiru kake ji, wata na bakwai ke nan. Ƙawata da ƙanwata sun karanta, sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Ni kuwa yanzu ko buɗe shi ba na iya yi, don da na buɗe sai in ga kowane layi shirme ne. Ga wani kamfani na biyar ya ce zai buga nan da mako shida in na biya kuɗin aikin. Malam, ta yaya mutum zai san yana da baiwar rubutu ko kansa kawai yake yaudara? Kuma in biya a buga, ko in haƙura?

Amsa

Wa'alaikumus salam, Malama. Ba ni da ma'aunin baiwa, kuma duk wanda ya ce miki yana da shi, ki duba hannunsa da kyau, akwai abin da yake son sayar miki. Na daɗe ina aikin edita, na kuma yi kuskure ta kowane gefe. Na taɓa yabon wanda daga nan bai sake rubuta ko shafi ɗaya ba, na kuma taɓa mayar da wadda daga baya ta ba ni kunya. Don haka tambayarki ta farko zan ɗan juya ta, domin yadda kika yi ta, babu mai amsa ta.

Mu fara da wasiƙun nan biyu, tunda su suka karya miki gwiwa. A ofishin edita rubuce-rubucen da ba a nema ba tuli guda ne, kuma mai duba su yakan zauna kansu ne bayan ya gama ainihin aikinsa na ranar. Shafi biyar ko goma na farko yake karantawa. Wani littafin a ajiye shi don rubutun bai nuna ba. Wani kuwa lafiyarsa ƙalau, sai dai kamfanin ya karɓi mai kama da shi watan jiya, ko gurbin shekarar ya cika, ko kuma tun asali ba sa buga irinsa. Duk waɗannan wasiƙa iri ɗaya ake aika musu, suna kawai ake canzawa a sama. Wato layi biyun da kike ta maimaitawa a zuci kina neman ma'anarsu, ba ke aka zauna aka rubuta wa ba. Sannan huɗu ba adadi ba ne a wannan harka. Marlon James, marubucin nan ɗan Jamaika, sau 78 aka ƙi littafinsa na farko. Ya fusata ya goge shi, sai daga baya aka tono kwafinsa a cikin tsohon imel, aka buga a 2005. Shekara goma bayan haka, a 2015, ya ci kyautar Booker, babbar kyautar ƙagaggun labarai na Turanci, da wani littafin.

Sai dai ina tsoron irin waɗannan labaran, don rabi ake ba da su. Ana cewa an ƙi wane, an ƙi wane, daga baya duniya ta gane. Mai sauraro sai ya tashi da cewa littafin nan dama cikakke ne, editoci ne makafi. Sau da yawa ba haka aka yi ba. William Golding malamin makaranta ne a Ingila, ya haura shekara arba'in, kuma yana da wasu littattafan da ya rubuta ba su sami shiga ba. Wanda ya fito da sunansa, *Lord of the Flies*, kamfanoni da dama sun mayar masa, har mai duba wa kamfanin Faber ta yi masa hukuncin shirme. Wani sabon edita, Charles Monteith, ya zaro shi daga tulin waɗanda za a mayar a 1953. Amma bai buga shi yadda ya same shi ba. Ya sa an datse dogon mabuɗin da ke bayanin yaƙin nukiliya, an rage wasu wurare, har sunan littafin an canza, sannan ya fito a 1954. Haka Harper Lee a Amurka: abin da ta miƙa a 1957 daban, abin da ya fito a 1960 daban. Editarta Tay Hohoff ta ga akwai marubuciya a wurin amma babu littafi tukuna, suka shafe sama da shekara biyu ana rushewa ana ginawa. An buga wancan daftarin na farko a 2015, kowa ya ga tazarar da ke tsakani. Shi ma marubucin Amurka Stephen King, wanda ake kira littafinsa na farko, na 1974, ba shi ya fara rubutawa ba. Akwai waɗanda suka riga shi suna kwance a aljihun tebur.

To a nan nake raba yarda da kai gida biyu. Akwai mai cewa littafina ba shi da aibi. Wannan ba ta jure iska, wasiƙa ɗaya ke kayar da ita, ko kuma ta ƙeƙashe ta zama taurin kai, mutum ya yi shekara goma yana yawo da kundi ɗaya bai taɓa waƙafi ba. Akwai kuma mai cewa ko da littafin nan yana da aibi, zan iya gano shi, zan iya sake zama. Ita wannan ta biyun ba a haifar mutum da ita, a wurin aiki ake tara ta. Ke kuwa kin riga kin tara wani abu, domin wadda ta zauna shekara uku har ta kai shafin ƙarshe ta yi abin da yawancin masu cewa "ina da labari a kaina" ba sa yi.

Wani saurayi ya taɓa kawo mini kundinsa, an ɗaure shi da kyau, da sadaukarwa da godiya shafi biyu. Babi na ɗaya tauraruwar ta farka, ta tsaya gaban madubi, aka siffanta ta tun daga gira har yatsun ƙafa. Babi na biyu tarihin kakanninta. Na uku tarihin kakannin mijin. Na kusa ajiyewa, sai a babi na huɗu matar ta dawo daga tafiya, ta sa makulli a ƙofar gidanta, ya ƙi juyawa. Ta zaro ta goge a gefen mayafi ta sake sawa. Sai ta lura kwaɗon ne sabo. Na zagaye wurin da jan biro na rubuta masa cewa nan littafinka ya fara, shafi arba'in na baya kai ne kake share murya. Ya ji haushi ƙwarai, ya ce a cikin waɗancan shafukan ne ya fi zuba hikima. Wata biyar ban ji ɗuriyarsa ba. Da ya dawo, makullin nan ne a layin farko, kakannin kuma sun watsu cikin labarin, layi biyu nan, uku can, a inda ake bukatarsu. Mu dai ba mu buga shi ba, saboda dalilan da ba su shafi rubutun ba. Amma a karo na biyun na karanta shi har ƙarshe a zama biyu, kuma baiwarsa tana nan yadda take wata biyar da suka wuce.

Batun ganin kowane layi shirme ne kuwa, yana da dalili mai sauƙi. Wadda ta rubuta babin farko shekara uku da suka wuce ba ta kai wadda ta rubuta na ƙarshe ba. Idonki ya buɗe ya riga hannunki, yana ganin abin da da ba ya gani. Abin ba daɗi, amma da shi ake gyara. Marubucin da ke ba ni tsoro shi ne wanda ya karanta aikinsa na bara bai ga abin taɓawa ba. Kada kuma ki zaci bugawa za ta kore wannan shakkar. Tun a 1978 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, suka yi rubutu kan mata da suka yi fice a fagensu, da digiri da lambobin yabo, amma a zuci suna jin sa'a ce kawai, wata rana asirinsu zai tonu. Abin yana bin masu littafi goma kamar yadda yake bin mai ɗaya.

Ƙawarki da ƙanwarki ba ƙarya suka yi miki ba, so ne hana ganin laifi. Ki riƙe su don ranar da zuciya ta yi nauyi. Don gyara kuwa, ki nemi mutum uku masu yawan karanta irin labarin da kika rubuta, waɗanda ba sa jin nauyinki. Kada ki tambaye su ko ya yi daɗi. Ki tambaye su a wane shafi suka fara ajiyewa su duba waya, su wa suka riƙa rikitawa a cikin taurarin, kuma a ganinsu me tauraruwar take nema ido rufe. In uku suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, akwai dutse a wurin. Maganin da za su ba ki kuwa ba dole ki sha ba. Mai karatu ya iya nuna inda ke ciwo, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kafin ki ba su, ki rufe kundin kamar wata biyu. Sannan ki fitar da shi a takarda, da wani salon harafi daban da wanda kika saba gani a kwamfuta, ki karanta hirarrakin a fili da bakinki. Kowane babi ki rubuta layi ɗaya: me ya canza a nan? Babin da kika rasa abin rubutawa, kin san matsayinsa. A cikin wata biyun kuma ki fara na biyu. Babu abin da ke rage wa littafin farko nauyin da aka ɗora masa kamar a yi masa ƙane. Kada shekaru ko ƙarancin lokaci su dame ki. Marubuciyar Amurka Toni Morrison tana da shekara 39 littafinta na farko ya fito a 1970, tana aikin edita, tana renon 'ya'ya biyu, tana rubutu kafin gari ya waye. A 1993 ta karɓi kyautar Nobel.

In kin tashi sake turawa, ki duba abin da kowane kamfani ya buga a shekara biyu ko uku na baya, ki karanta ƙa'idojinsu ki bi su daidai. Yawanci gajeriyar wasiƙa suke so, da taƙaitaccen labarin a shafi ɗaya ko biyu har da yadda ya ƙare, da babi uku na farko. Ki tura wa biyar ko shida a lokaci guda, kada ki ƙarar da su duka, don in ba wanda ya nemi ganin sauran, shafukan farko ne ke bukatar aiki, kuma kina da sauran ƙofofin da ba ki ƙwanƙwasa ba. Manyan kamfanonin Amurka da Birtaniya galibi sai ta hannun wakilin marubuta suke karɓa. Shi wakilin la'ada yake ci, yawanci kashi 15 cikin 100 na abin da ya samo miki, kuma na kirki ba ya karɓar ko sisi kafin ya sayar. Su biyun da suka yi shiru, ki tuna musu sau ɗaya cikin ladabi. In ba amsa, shirun ma magana ce.

Saura kamfani na biyar. A bugun da aka saba, kamfani ne ke ɗaukar nauyin gyara da bango da bugu da rarrabawa, ya ba marubuci kasonsa na ciniki, wani lokacin har da kafin alƙalami. Tunda kuɗinsa ya zuba, dole ya tashi ya sayar. Wanda kuwa kika biya, cinikinsa ya ƙare ranar da kuɗinki suka shiga, ke ce kasuwarsa, ba mai karatu ba. Mako shida ma abin dubawa ne, don daga sa hannu zuwa fitowar littafi akan ɗauki shekara guda zuwa biyu, kuma gyara na cin kaso mai tsoka na lokacin. Ba ina cewa buga littafi da kuɗin kai abin kunya ba ne. Hanya ce sananniya, kuma tun da Amazon ya buɗe dandalinsa na masu buga nasu a 2007 ta ƙara faɗi. Amma mai bin ta shi ne kamfanin: shi ke ɗaukar edita, shi ke zaɓen mai zanen bango, kwafi da haƙƙin mallaka duk suna hannunsa. Ki tambayi mutanen nan wa zai gyara littafin, a ina ake sayar da waɗanda suka buga bara, kwafi nawa za a buga kuma na wa ne, haƙƙin mallaka yana hannun wa kuma har zuwa yaushe. Ki nemi amsar a rubuce cikin yarjejeniya. In ke za ki biya kuma su riƙe haƙƙin, ki tattara kundinki. Ki kuma sani, littafin da ya riga ya fito, ko a takarda ko a intanet, kamfanoni da yawa ba sa sake karɓarsa.

Ni dai a ganina ba yanzu ba. Kina cikin zafin wasiƙun nan ne, kuma abin da suke tallata miki shi ne a ce an ce "eh". Ki yi gyaran tukuna, tayin nasu ba inda za shi, bayan wata shida ma za su karɓi kuɗinki da hannu biyu. In kin sake rubuto mini, ki faɗa mini a shafi na nawa ne abu na farko ya lalace wa tauraruwarki.