Karen gadina na cin mushen kaji, kuma ba ni da kuɗin asibiti

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Ina kiwon kajin gidan gona a Tumfure, nan Gombe, kuma ina da karen gadi. Duk kazar da ta mutu shi nake jefa wa, haka ma ƙasusuwan da aka rage a gida. Kwanan nan ya fara kama masu rai, har da na maƙwabta. Shin akwai illa gare shi? In kuma ya kwanta, gaskiya ba ni da ƙarfin kai shi asibiti.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A cikin abubuwa ukun da ka lissafa, mushen ne ya fi tayar da hankali, don haka da shi za mu fara. Kaza ba ta mutuwa haka kawai, kuma abin da ya kashe ta yana nan a jikinta. In ta ci maganin ɓera ne, gubar tana cikin ƙundu da hanji, wuraren da kare bai barin komai. Irin maganin ɓeran da ke hana jini daskarewa ba ya nuna kansa ranar da aka ci. Sai bayan kwana 3 zuwa 5 ka ga karen ya yi laushi, dasashinsa ya yi fari, jini na fita ta hanci ko a kashi. Maganinsa bitamin K1 ne, ana ba shi na tsawon makonni. In kuma maganin ƙwari ne irin su Sniper da wasu ke fesawa a ɗakin kaji, nan take za a ga dalalar miyau, karkarwa, amai da zawo. Wannan ba ya jiran gobe, allurar atirofin yake buƙata daga hannun likita.

Ga kuma mushen da ya kwana cikin zafin Gombe. Naman da ya fara ruɓewa kan tara dafin wata ƙwayar cuta mai shanye jiki, wato botulizim. Yakan fara da ƙafafun baya: kare ya riƙa jan gindi, sannan shanyewar ta hau gaba, alhali idonsa biyu kuma ya gane ka. Wani cikin awanni, wani sai bayan 'yan kwanaki. In ta kai ga tsokar numfashi, shi ke nan.

Kada mu manta da murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Najeriya a 2006 a wata gona a Jihar Kaduna, kuma tana dawowa lokaci zuwa lokaci. Kare na iya kamuwa, kyanwa ta fi shi sauƙin kamuwa, amma babbar ɓarnar ita ce jan mushe da kare ke yi daga gida zuwa gida. In kaji suka fara mutuwa da yawa a tare, ka sanar da ofishin dabbobi, mushen kuma ka ƙone shi ko ka binne a rami mai zurfin aƙalla mita ɗaya. Ko ba annoba, ɗanyen naman kaza kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela mai sa zawo. Babban kare kan jure ta, amma yana zubar da ita a kashinsa a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Wani abin da masu kiwo ba su cika lura da shi ba: wasu abincin kaji na ɗauke da maganin hana zawon jini, kamar monensin da salinomisin, waɗanda guba ne ga kare in ya ci da yawa. A rufe buhu.

Ƙashi kuwa, dafaffe ko gasasshe ya fi ɗanye haɗari, domin wuta na busar da shi ya riƙa tsagewa da tsini. Yana iya maƙalewa a tsakanin haƙora ko maƙogwaro, ya toshe hanji, ko ya huda shi. In ya riga ya haɗiye, kada ka sa shi amai da gishiri ko manja. Ƙashi mai tsini ya fi yin ɓarna a hanyar dawowa. Ka ba shi ruwa da abinci mai laushi kaɗan-kaɗan, kamar dafaffiyar shinkafa marar yaji, ka sa ido na awa 72. Yawancin karnuka na narkar da shi lafiya. Amma in ka ga amai ya ƙi tsayawa, ciki ya kumbura yana ƙin a taɓa, baƙin kashi ko mai jini, yawan nishi babu abin da ke fita, ko ya ƙi abinci yini guda cur, to zaman gida ya ƙare. Ragowar miya ma a kula, albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare.

Batun kama kajin maƙwabta, ka gafarce ni, mai yiwuwa mushen da kake jefa masa ne ya koya masa cewa kaza abinci ce. Hanyar gyara ita ce a daina ba shi, a ciyar da shi ya ƙoshi sau biyu a rana, a killace shi da rana lokacin da kaji ke yawo, a sake shi da dare bayan an rufe akurki. Duka bayan an gama ɓarna ba ya koya masa komai sai tsoronka. Ka kuma biya masu kajin tun da wuri, domin karnuka da yawa ta nan ake sa musu guba.

Sai maganar kuɗi. Abin da ke cin kuɗi a asibiti shi ne zuwa a makare. Karen da aka kai ranar farko sau da yawa dubawa da allura ne. Wanda aka bari kwana huɗu yana amai zai buƙaci ƙarin ruwa, hoton ciki, wataƙila har tiyata. Ka fara da asibitin dabbobi na gwamnatin jiha ko ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, sun fi masu zaman kansu sauƙi. Ka gaya wa likita abin da ke aljihunka tun kafin ya fara, ka tambaye shi wanne ne dole yau, wanne zai iya jira. Wannan ba abin kunya ba ne, kullum ana yi. In guba kake zato, ka tafi da kwalin maganin, hakan na rage gwaje-gwaje. Aikin da ya fi ƙarfin nan akan tura shi asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Jos, Maiduguri ko Zariya.

Abin da ba a yi masa rowa shi ne allurar haukan kare: yana wata 3 a yi masa, sannan duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana sarrafa allurar, kuma a kusa da 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, akan yi ta kyauta a wurare da dama. Maganin tsutsar ciki duk wata 3, gwargwadon nauyinsa. Kuma don tsimin kuɗi kada ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane: ibufurofen da dikulofenak suna ci masa ciki su lalata ƙoda, farasitamol kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa. Tunda kaji kake sayarwa, duk zagaye ka ware kuɗin kaza ɗaya ko biyu a matsayin na lafiyar karen, ka sa shi cikin lissafin gona tare da na rigakafin kajin.