Sawun giwa da na raƙumi a wurin da aka aikata laifi

Wani ɗalibi mai karatun shari'a ya rubuto yana cewa: "Malam, a darasin binciken laifi muna ta cuɗanya alama da shaida da hujja kamar abu ɗaya ne. Shin akwai bambanci?"

Akwai, kuma ba ƙarami ba. Dukansu uku daga Larabci muka aro su, amma kowace da matsayinta. Alama ita ce abin da ido ya tarar a wurin: ɗigon jini, fasasshen gilashi, zanen yatsa a jikin ƙofa. Ba ta ce komai ba tukuna. Tana zama shaida idan aka ɗauke ta bisa ƙa'ida, aka gwada ta, aka kai ta gaban alƙali. Hausa kuwa tana kiran mutumin da ya gani da idonsa shaida, tana kiran abin da aka tsinta ma shaida, sai dai jam'in "shaidu" ya fi karkata ga mutane. Hujja ita ce shaidar da ta tsaya da ƙafarta bayan lauyoyi sun jijjiga ta ba ta faɗi ba. Aikin mai bincike duka a tsakanin kalma ta farko da ta uku yake, kuma alamomi da yawa a hanya suke mutuwa.

Tambaya ta biyu ce ta fi jan hankalina. Wata baiwar Allah ta ce ta ji wani jami'i yana ƙorafi cewa kafin su isa wurin da aka yi fashi, "sawun giwa ya taka na raƙumi". Tana so ta san ko ya yi amfani da karin maganar daidai.

A asali, ana faɗin wannan magana idan babban al'amari ya zo ya danne ƙarami, ko na gaba ya yi magana ta shafe ta na baya. Jami'in ya ɗan karkatar da ita, ya maido ta ga ma'anarta ta zahiri, kuma ni ban ga laifinsa ba. Mai bin sawu ba ya tsoron komai kamar taron jama'a. Ɓarawo ya shiga da ƙafa biyu ya fita, 'yan kallo sun shigo da ɗari. Wannan ya ɗaga wuƙa ya duba ya ajiye, wancan ya rufe tagar da aka bari a buɗe, wata kuma don tausayi ta share jinin. Babu mai mugun nufi a cikinsu, amma sun yi wa mai laifi aikin da shi kansa bai samu lokacin yi ba.

Wani Bafaranshe, Edmond Locard, wanda ya kafa ɗakin gwaje-gwajen 'yan sanda a birnin Liyon a 1910, shi aka fi dangantawa da ƙa'idar cewa duk inda abu biyu suka haɗu, kowane zai bar wa ɗan'uwansa wani abu. Mutane sukan tuna rabin ƙa'idar, wato mai laifi yana barin sawu. Sukan manta cewa ta hau kan ɗan sanda da likita da maƙwabci ma. Shi ya sa jami'in da ya fara isa yake da jerin abin yi. Zai fara tabbatar da cewa babu sauran haɗari, sannan a ceci wanda ya ji rauni, domin rai yana gaba da kowace shaida. Daga nan sai ya killace wurin. A lura, killacewa ta wuce kewayewa: wanda ya kewaye ya zagaya ne kawai, wanda ya killace ya hana shiga. Akan ja igiyar da faɗi fiye da yadda ake zaton ana bukata, don rage fili yana da sauƙi, amma wurin da aka riga aka tattake ba ya dawowa. Sai a ware hanya ɗaya ta shiga da fita, wadda ba ita ake zaton mai laifin ya bi ba, a kuma buɗe rajista a rubuta sunan duk wanda ya tsallake igiya da lokacin shigarsa da fitarsa, ko da shi ne babba a ofis. Kai, sau da yawa manyan ne ma giwayen. Ba a taɓa komai sai an ɗauki hotonsa a inda yake, daga nesa da kusa, an auna, an zana taswirar wurin.

Mai tambaya na uku gardama ya kawo. Ya ce tunda Bahaushe ya ce "gani ya kori ji", ai abin da gwaji ya nuna ya gama magana.

Ban yarda ba. Karin maganar tana fifita abin da ka gani a kan jita-jita ne, ba ta ce ido ba ya ruɗuwa ba. Ga misali daga Jamus. Shekara da shekaru 'yan sanda suna farautar wata mata da aka riƙa samun ƙwayoyin halittarta, wato DNA, a wuraren laifi kusan 40 a Jamus da Ostiriya da Faransa, har da kisan wata 'yar sanda a garin Heilbronn a 2007. An sa ladan Yuro 300,000 ga wanda ya taimaka aka kama ta. A 2009 aka gano cewa babu wata mai laifi: ƙwayoyin halittar na wata ma'aikaciya ce a masana'antar da ke haɗa tsinken audugar da ake shafo samfuri da shi. An kashe ƙwayoyin cuta a jikin audugar, amma hakan bai kawar da DNA ba. Gwajin bai yi ƙarya ba, abin da aka ba shi ne gurɓatacce. Karin maganar da ta fi dacewa a nan ita ce "biri ya yi kama da mutum", kuma kama ba ta isa a ɗaure kowa ba.

Wannan ne dalilin safar hannu da takunkumi da rigar da ke rufe jiki har takalmi. Kariyar ta fuska biyu ce. Tana tsare wurin daga gashi da yawu da gumin mai bincike, tana kuma tsare shi daga wurin, domin ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya kai kwana 7 a busasshen jini tana da ƙarfin kama mutum. Ana canza safar hannu tsakanin abu da abu, ba a ci ko sha ko shan taba a cikin igiya, ba a cusa hannu cikin aljihu ko jaka inda allura za ta iya ɓuya. Tufa mai jini kuma ana shanya ta ta bushe a saka ta a jakar takarda, domin leda tana riƙe danshi, fumfuna ta cinye abin da ake son gwadawa.

Saura gajeriyar tambaya daga wani mai fassara, kan yadda zai kira takardar da ke bin kowane abin shaida tana nuna wanda ya ɗauka, wanda ya karɓa, da ranar da ya canza hannu. Ni zan ce "silsilar riƙon shaida", domin mai karatun Hausa ya riga ya san silsila a matsayin jerin da kowane mutum ya karɓa daga na gabansa. Idan an fi son kalma mai sauƙi, "rajistar hannu da hannu" ma ta isar. Duk wadda aka zaɓa, a tabbata ta nuna cewa ana liƙe ƙunshin, a sa hannu da kwanan wata a kan liƙin, kuma giɓi ɗaya a jerin sunayen ya isa lauyan wanda ake tuhuma ya roƙi kotu ta yi watsi da abin.