Tambayoyinku: Haɗa Sarƙa da 'Yan Kunne da Hannu, Daga Ina Ake Farawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sha'awar fara haɗa sarƙa, 'yan kunne da abin hannu a gida, amma duk ranar da na shiga wurin masu sayar da kayan sai kaina ya ɗaure. Ga duwatsu kala-kala, ga wayoyi, ga ƙananan ƙarafa da ban san amfaninsu ba. Don Allah me ya kamata in fara saya?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Abin da ke cinye jarin sabon shiga shi ne ido. Duwatsun ne ke ɗaukar hankali, sai mutum ya kwaso kala goma, ya dawo gida ya tarar ba shi da abin zura su, ba shi da maɗauri. Don haka kafin ki fita, ɗauki takarda ki zana abu uku kacal: sarƙa ɗaya, abin hannu ɗaya, 'yan kunne saiti ɗaya. Abin da zanen ya nema shi kaɗai za ki saya.

Filaya uku ne tushen aikin. Akwai mai zagayayyen baki, ita ke naɗa waya ta fitar da ido, wato ɗan madauki a bakin wayar. Akwai mai siririn baki wadda cikinta yake sumul, da ita ake riƙewa da lanƙwasawa. Sai mai yankan waya, wadda gefenta ɗaya yake a shafe don ta yanke daidai ba tare da barin tsini ba. Kada ki ari filayar masu gyaran lantarki, haƙoranta na barin tabo a jikin waya, tabon kuma ba ya gogewa. Idan za ki saya, rufe bakin filayar ki ɗaga ta saitin haske. In kin hango haske ta tsakanin bakin, ajiye ta ki ɗauki wata. Ta huɗu, wato filayar matse ɗan bututun da ke riƙe wayar sarƙa, za mu yi bayaninta a amsa ta gaba, kuma mu dai shawararmu ki haɗa da ita tun ranar farko. Ki ƙara da tef na awo da faranti mai faɗi da aka shimfiɗa wa tawul, saboda duwatsu kada su riƙa gangarewa.

Yawan duwatsun kuwa lissafi ne mai sauƙi. Yawanci ana sayar da su a zure, layi ɗaya tsawon santimita 38 zuwa 40. Masu girman milimita 8 za ki samu kusan 48 zuwa 50 a layi, masu milimita 6 kusan 65, masu milimita 4 kusan 100. Abin hannu mai santimita 18 yana cin dutse 22 ko 23 na milimita 8, ke nan layi ɗaya zai ba ki abin hannu biyu har da rarar na 'yan kunne. Sarƙa mai santimita 45, wadda ke sauka daidai ƙashin wuya, layi ɗaya ba zai ishe ta ba sai kin cike da ƙananan duwatsun tsakani ko kin ƙaro layi na biyu. Wajen awon hannu, auna wuyan hannun ki ƙara santimita ɗaya da rabi. In duwatsun manya ne ki ƙara fiye da haka, domin kaurinsu yana cinye filin da ke ciki.

Tambaya: Malamai, sarƙoƙin da nake yi suna kyau, amma ba sa wata guda sai a dawo mini da su sun tsinke a wajen maɗauri. Da zaren lilo nake yi. Na roba ma ƙullin kwancewa yake. Ina matsalar take?

Amsa: Hajiya, wannan ita ce tambayar da muka fi so a yi mana, domin a nan ake gane ƙwararre. Sarƙa ba kasafai take tsinkewa a tsakiya ba, a mahaɗa take mutuwa.

Zaren lilo ba don wannan aiki aka yi shi ba. Yana bushewa, yana riƙe lanƙwasa, kuma bakin ramin dutsen gilashi yana cinsa a hankali har ya yanke. Abin da za ki nema shi ne wayar zura duwatsu: siraran zaren ƙarfe ne aka murɗa wuri ɗaya aka lulluɓe da nailan. A jikin faifan za ki ga an rubuta 7, 19 ko 49, wato yawan zaren da ke ciki. Mai 49 ta fi laushi, ta fi kwanciya a wuya, ba ta saurin karyewa. Mai 7 ta fi sauƙin kuɗi amma da ta lanƙwashe sau ɗaya shi ke nan, tabon ya zauna. Kauri kuwa, milimita 0.38 zuwa 0.46 ya wadatar ga yawancin aiki, sai duwatsu masu nauyi ki koma 0.6.

Wannan waya ba a ƙulla ta, matse ta ake yi da ɗan bututun ƙarfe mai milimita 2. Ki yanki waya ta fi tsawon sarƙar da santimita 10. Zura bututun, zura bakin wayar ta zoben maɗauri, ki dawo da shi ta cikin bututun. Ki bar ɗan madauki yadda maɗaurin zai iya lilo, kada ki shaƙe shi. A nan mutane da yawa ke kuskure: wayoyin biyu dole su kwanta gefe da gefe a cikin bututun, in suka hau juna matsin ba zai kama ba. Filayar matsewa tana da rami biyu. Sa bututun a ramin da ke kusa da mariƙi ki matsa, zai lotsa a tsakiya ya raba wayoyin, kowacce a ɗakinta. Sai ki juya shi ya tsaya a gefensa, ki kai shi ramin gaba ki sake matsawa, ya ninke kamar an rufe littafi. Ja shi da ƙarfi ki gwada tun yanzu. Ragowar wayar ki tura ta cikin duwatsu biyu ko uku na farko kafin ki yanke.

Da kin gama zura duwatsun, kada ki matse ɗaya bakin sarƙar tana miƙe a kan tebur. Lanƙwasa ta ta zama da'ira tukuna, kamar yadda za ta zauna a wuya. In kika matse ta a miƙe, duwatsun za su cushe, sarƙar ta sandare, kuma duk motsin mai ita wayar ce ke shan wahala har ta yanke daidai bakin bututun.

Ki duba kuma ƙananan zobban haɗi, waɗanda ke riƙe maɗauri. Ba a buɗe su ta hanyar ja gefe da gefe, hakan na ɓata da'irar, ba za ta sake rufuwa ruf ba. Filaya biyu za ki riƙe, ki murɗa baki ɗaya ya nufo ki, ɗayan ya yi gaba, sannan ki mayar ta hanyar da kika bi har bakunan su gogi juna. Ko siririn gibi kika bari, waya za ta sulale ta nan.

Na roba kuwa, kauri 0.7 ko 0.8 ya dace da duwatsun milimita 6 zuwa 8, masu nauyi kuma milimita 1. Kafin ki zura komai ki ja robar sau da yawa ta gama sakewa, in ba haka ba a hannun mai saye za ta saki. Wajen ƙulli ki zagaya sau biyu maimakon sau ɗaya, ki ja bakunan huɗu su ɗame, ki ɗiga gam ɗan mitsitsi irin na masu kayan ado wanda ba ya sandarewa. Gam ɗin nan mai kamawa nan take yana busar da roba ta riƙa karyewa, ki guje shi. Ƙullin ki ja shi ya ɓuya cikin dutse mai faɗin rami. Kuma ki gaya wa mai saye ta riƙa mirgina shi a hannu wajen sawa, ba ta buɗe shi da yatsu ba.

Tambaya: Lambobin da ake rubutawa a jikin waya, 20, 24, 26, me suke nufi? Wacce zan saya don 'yan kunne?

Amsa: Geji ne, kuma a juye yake tafiya: lamba na hawa, waya na sirancewa. Geji 18 kusan milimita 1 ne, 20 kusan 0.8, 24 kusan 0.5, 26 kusan 0.4. Ƙugiyar da ke shiga hudar kunne geji 20 ake yi da ita, mai ɗan tauri, don mai laushi sosai ba ta riƙe siffa. Fil mai kai, wanda ake zura dutse a kansa ya yi lilo, geji 22 ko 24 ya isa. Bayan dutsen ki bar santimita ɗaya, ki lanƙwasa shi ya kwanta, ki kama bakinsa da filaya mai zagayayyen baki ki naɗo har ya rufe. In dutsen mai nauyi ne, ki bar wayar da tsawo, ki yi idon, sannan ki naɗe ragowar a wuyansa sau biyu ko uku, wannan ba ya buɗewa. Ki fara koyo da wayar jan ƙarfe, ki yi ido hamsin kafin ki taɓa azurfa. Kuma ki sani waya na ƙara tauri duk lokacin da aka lanƙwasa ta, in kika yi ta gyara wuri ɗaya karyewa za ta yi. Bakin ƙugiya kuma a goge shi da 'yar zarto ko takardar yashi, kada ya yanki kunne.

Tambaya: Wata da na yi wa 'yan kunne ta ce suna sa ta ƙaiƙayi, wata kuma zobe ya bar mata kore a yatsa. Alhali mai kayan ya ce mini ruwan zinariya ne.

Amsa: 'Yar'uwa, matsala biyu ce daban. Koren daga jan ƙarfe yake, in ya haɗu da gumi, kuma wankewa yake yi da sabulu. Ƙaiƙayi da ƙuraje kuwa galibi nikel ne, ƙarfen da jikin mutane da yawa ba ya karɓa, kuma wannan ba abin wasa ba ne, ta cire su kawai. Ruwan zinariya rufi ne siriri ƙwarai a kan wani ƙarfe, da ya goge sai na ƙasan ya taɓa fata. Shafa jan farce marar kala na ɗan kwanaki ne, ba magani ba.

Duk abin da zai shiga hudar kunne, nan ne wurin da ba a tsumulmula. Azurfa mai hatimin 925 tana nufin kashi 92.5 cikin 100 azurfa ce, sauran yawanci jan ƙarfe. Akwai kuma mai kaurin rufin zinariya, wadda ake buga wa 1/20 da haruffan GF, ma'ana kashi 5 cikin 100 na nauyinta zinariya ce, tana shekaru ba ta koɗe ba. Ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316L yana karɓar yawancin mutane, amma akwai nikel a cikinsa, don haka mai tsananin matsalar sai titaniyam. Gwajin maganaɗisu yana taimakawa rabi: azurfa da zinariya ba sa mannewa, amma tagulla ma ba ta mannewa, ke nan rashin mannewa ba shaida ba ce.

Tambaya: A ina ya fi a sayi kaya, shago ko intanet? Kuma yaya zan gane dutse na gaske?

Amsa: Malam, sayen farko a yi shi inda hannu zai taɓa. Ka tafi da guntun wayarka ka zura a ramin dutsen ka gani, domin lu'ulu'u, irin wanda ake samu a cikin kawa ta ruwa, da wasu duwatsun ƙasa raminsu ƙanana ne, waya mai kauri ba ta wucewa, balle sau biyu. Ka shafa bakin ramin, in yana da kaifi zai ci waya. Intanet ta fi yawan zaɓi, amma hoto na ƙara wa dutse girma, saboda haka ka karanta milimita ka duba a kan rula, ka kuma fara da kaɗan kafin sari. In kala ɗaya aiki ke nema, sayi abin da zai isa lokaci guda, domin rinin wannan zuwan ba lallai ya yi daidai da na gaba ba. Ƙananan duwatsun saƙa su ma lambarsu a juye take, 11/0 kusan milimita 2, 6/0 kusan milimita 4. Na Japan irin su Miyuki da Toho ƙwayoyin kowannensu girmansu kusan ɗaya ne, shi ya sa saƙarsu ke fita a miƙe, na Preciosa daga ƙasar Cek ma suna da kyau.

Dutsen ƙasa yana da sanyi da nauyi a tafin hannu, kuma da wuya biyu su yi kama sak. Gilashi kan nuna ƙananan kumfa a ciki, roba kuma ba ta da nauyi, tana da layin inda aka haɗa ta. Lu'ulu'u na gaske in ka goga biyu a hankali za ka ji gantsa-gantsa kamar yashi, na jabu santsi ne. Ana yawan rina farin dutse mai jijiyoyi a sayar da shi da sunan shuɗin dutse mai tsada. Leƙa cikin ramin, in fari ne rini ne, ko ka goga auduga da aka jiƙa da ruwan goge jan farce a wurin da ba a gani, kalar za ta biyo audugar. Rinannen dutse ba laifi ba ne a yi aiki da shi, in dai ka faɗa wa mai saye abin da yake, kuma ka jiƙa shi a ruwa ka goge da farin ƙyalle kafin ka zura, don kada ya zuba a wuyan rigar mutane.