Amsa ga Kawu a Tudun Wada kan shaida a shari'ar fyaɗe a Ingila

Kawu, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya a Kaduna, kun tambaye ni ko gaskiya ne abin da ake faɗa a majalisarku, wai a Ingila maganar mace kaɗai tana iya kai namiji gidan yari. Tana iyawa, amma waɗanda suka kawo muku labarin sun bar rabinsa a hanya.

Nauyin kawo hujja yana wuyan mai gabatar da ƙara, wato lauyan gwamnati, kuma ma'aunin ɗaya ne da na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011, wato sai an kawar da duk wata shakka mai tushe. Mutum 12 ake zaɓowa daga cikin jama'ar gari su saurari shari'ar, ana ce musu juri, kuma alƙali yakan gargaɗe su kada su ce mutum ya aikata sai sun tabbata a ransu. Idan bakinsu ya kasa zuwa ɗaya bayan doguwar shawara, yana iya karɓar ra'ayin 10 daga cikinsu. Ba a neman shaidu huɗu irin na haddin zina, takardar likita ma ba sharaɗi ba ce, kuma wata doka ta 1994 ta daina wajabta wa alƙali ya ja kunnen juri kan dogaro da maganar mai ƙorafi ita kaɗai.

Inda gizo ke saƙa shi ne batun yarda. Sau da yawa namijin ba ya musun cewa abin ya faru, cewa yake yi da amincewarta aka yi. Dokar laifukan jima'i ta 2003 ta ɗora wa gwamnati tabbatar da cewa macen ba ta yarda ba, sannan shi ma ba shi da wani dalili na hankali da zai sa ya zaci ta yarda. Shi ya sa ake tonon saƙonnin waya da abin da ta fara faɗa wa ƙawa ko uwa, kuma a wannan gaɓar ce shari'u da yawa suke rushewa. A ganina, kuskure ne babba mutanenmu su riƙa ce wa mace maƙaryaciya don an sallami wanda ta yi ƙara, domin sallama tana nufin juri ba su tabbata ba ne kawai.

Abin da ya fi ba mu wuya mu Hausawan nan shi ne barin sasanci. A gida manya kan zauna a ce a rufa asiri, amma a nan duk wanda ya matsa wa yarinya ta janye maganarta ya aikata laifi mai zaman kansa, ko da kakanta ne. Haka kuma dokar 1992 ta hana bayyana sunan mai ƙorafi har tsawon rayuwarta, saboda haka duk wanda ya jefa sunanta a zauren WhatsApp na 'yan gari yana iya tsintar kansa a gaban kotu. Idan irin wannan magana ta taso yanzu, dattawanmu sukan raka kowane ɓangare wajen lauya ne, su kuma kame bakinsu har a gama shari'a.