Ku Tambayi Malama: Ɗana Yana Zubo Littafi Da Ka Amma Bai Iya Karanta "Kujera" Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama, dan Allah ki taimaka min. Ɗana yana aji uku na firamare, in ya ɗauko littafinsa sai ya zubo shafi guda tas ba gargada, amma ranar nan na rubuta mai "kujera" a bayan kwali wlh sai ido ya zuba min. Ga jarrabawa saura sati uku kuma ticharsu ta ce a soshiyal ya fi rauni. Na sa shi lesin duk wata ina biya amma shiru kake ji. Ta ina zan fara? Daga wata uwa a Funtuwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam Maman yaro. Ki kwantar da hankalinki, ɗanki ba daƙiƙi ba ne, kunnensa ne ya yi karatun ba idonsa ba. A ajin da yara suka cika maƙil ticha faɗa take yi su maimaita da ƙarfi, to mai kaifin ƙwaƙwalwa sai ya haddace ya riƙa bin layi da yatsa kowa na cewa masha Allah alhali ko baƙi ɗaya bai tantance ba.

Ki ajiye littafin nan tukuna, ki koma kan wasulan nan biyar, a e i o u, sai ki haɗa su da baƙi, ba be bi bo bu, ka ke ki ko ku. Kuma da Hausa za ki fara ba Turanci ba, ni dai ra'ayina kenan duk da na san wasu iyayen ba sa son ji, saboda rubutun Hausa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, yaron da ya gane haɗa sauti a harshen gidansu Turancin ma zai zo mai da sauƙi. Ki yayyanka kwalin suga ki rubuta gaɓa ɗaiɗai a kai, ri, ga, gi, da, ku, je, ra, ki baje su a tabarma. Ya haɗa ri da ga ya samu riga, ki juya su ki ga ko zai ce gari. In ya sake cewa riga to canka yake yi, ku sake. Sai ya zauna a nan sannan ki kawo ɓ, ɗ, ƙ da su sh, ts, gw. Minti 15 kullum bayan ya dawo daga Islamiyya ya ci abinci ya isa, kuma dan Allah a ɓoye bulala, yaron da ke tsoro fuskarki yake karantawa ba takarda ba. In ya fara karanta jimla ki tambaye shi wa ya yi, a ina, me ya faru.

Shi kuma soshiyal daga ƙofar gida ake fara shi. Ya san sunan unguwarku? Ya san akwai mai unguwa, sama da shi dagaci, sai hakimi sai sarki? Ta ɓangaren gwamnati kuma kansila, ciyaman, gwamna, shugaban ƙasa. Daga nan ki ce mai Funtuwa ɗaya ce cikin ƙananan hukumomi 34 na Katsina, ita Katsinar kuma a 1987 aka cire ta daga Kaduna. Najeriya jihohi 36 da Abuja, ƙananan hukumomi 774, 'yancin kai 1 ga Oktoba 1960, an dawo da babban birni Abuja daga Legas a 1991. Tuta kore fari kore, koren noma, farin zaman lafiya. Kogin Kwara da Binuwai kuma ki zana mai a ƙasa da tsinke ya ga yadda suka haɗu a Lokoja, ya fi ya haddace.

Ki lura da abu ɗaya, in littafin yayyensa ya gada to taken ƙasan ciki tsohon ne, a watan Mayun 2024 aka ajiye na 1978 aka dawo da na 1960.

Gaskiya sati uku ba zai gyara karatu duka ba, don haka na jarrabawar nan ki riƙa yi mai tambayoyin da baki kina girki yana amsawa. Mai lesin kuma ki je ki zauna rana ɗaya ki ga me yake yi, in homwok kawai yake cike mai to ki riƙe kuɗinki. In kuma kin ga yana manna littafi a fuska ko yana ƙanƙance ido, ki kai shi asibiti a duba idon kafin a shiga sabon zango.